Fitilar Direba a Cikin Gilashi

Zuwa ga ƙanena Dogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, da kuma aikin gidan tarihi. Mu nan lafiya lau, sai ɗinki da ya yi mini yawa. Keken nan nawa ya fara tari kamar tsoho, amma yana ja. Maigidan yana gaishe ka. 'Yata Aku ma ta ce lallai in gaya wa kawunta yanzu ta iya karatu. Ko takardar sabulu ba ta bari ta wuce, kuma bakin nan nata da ka sani ko kaɗan bai ragu ba.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro. Mun koma wurin likitan ido, ya ce ganin da ya rage masa ba mai daɗewa ba ne. Yanzu idan na shiga ɗakinsa sai na matso daf yake gane fuskata. Bai yi wani ƙorafi ba, ka san shi. Abu ɗaya kawai ya sa a ransa, wato ya je ya ga kayansa tun idon na gani.

Ka tuna shekarar da ka zo ka roƙe shi fitilarsa ta aiki da hular direba da usur, ka ce za a saka su cikin gilashi a gidan tarihin jiragen ƙasa, a rubuta sunansa a ƙasa? Ni na naɗe maka su a tsohon zane. To tun daga ranar ba mu huta ba. Duk wanda ya zo gaishe shi, daga mai aski har yaron da ke karanta mitar wuta, sai ya ji cewa sunansa na can kudu a rubuce, mutane na bin layi suna kallo. Kai da ka tashi a gidanmu tun rasuwar mahaifinka, ka fi ni sanin Baba ba mai fahariya ba ne. A kan wannan kaɗai yake buɗe baki.

Saboda haka mun yanke shawara, idan an yi hutun makaranta za mu zo, ni da shi da Aku da yayanta. Ka faɗa mana wuraren da ake kai yara a garin naku, da yadda za mu yi da masauki. Ka kuma iya bakinka a wasiƙar, domin a gabansa nake karantawa. Ya fi son takarda a kan waya, wai maganar waya ba a sake jin ta gobe.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki, na yi murna ƙwarai. Muna lafiya, sai ƙaramin da ke fama da haƙori, ya hana kowa sakat. Ki gaishe mini da Baffa gaisuwa ta musamman, Allah ya ba shi lafiya, ya ƙara masa haske. Ki ce wa Aku na ji labari, idan mun haɗu sai ta karanta mini jarida.

Wuraren yara kam, Yaya, garin nan ba a magana. Akwai gidan kifaye a bakin teku, inda za ki bi ta wani lungu na gilashi, ruwa a samanki, ruwa a gefenki, kifi mai faɗin faranti ya zo ya tsaya yana kallonki kamar kin ci masa abinci. Ku je da safe kafin 'yan makaranta su cika wurin. Akwai gidan namun daji, amma kada ku je da rana tsaka, zakin barci kawai yake yi, sai wutsiya za ku gani. Raƙumin dawan dai yana karɓar ganye a hannu. Sai gidan kimiyya na yara. Can akwai wata ƙwallon ƙarfe, idan yaro ya ɗora hannu sai gashinsa ya miƙe tsaye. A bene na sama kuma akwai ɗakin da ake kashe fitila a nuna taurari a rufi, kujerun ma a kwance suke. Daga nan ku gangara lambun da ke bayan tashar mota, akwai lilo da inuwa da bencin da Baffa zai huta.

Gidanmu na jiragen ƙasa ne dai nake ganin ku ɗan dakata. Ana ta gyare-gyare, ga ƙura, ga ma'aikata, ba wurin kai dattijo mai ciwon ido ba ne. Ban san ranar gamawa ba. Ni a ganina ma, me zai hana ki zo da yaran kawai a wannan karon, Baffa ya huta a gida? Tafiyar da nisa, ga jijjigar mota. In an gama aikin ni da kaina zan ɗauko masa hoton kayan, babba, in kawo masa har ɗaki.

Maganar masauki kuma, kin san gidan haya, ɗaki biyu ne da ɗan falo. Amma za mu san yadda za a yi.

Ƙanenki,
Dogo.

*

Dogo,

Salama da gaisuwa. Muna lafiya, Allah ya sa haƙorin ya fito.

Na karanta wa Baba wasiƙarka har zuwa wurin lilo da benci, daga nan na ce masa sauran gaisuwa ce. Ba zan iya karanta masa inda ka ce ya zauna a gida a kawo masa hoto ba. Hoto, Dogo? Mutumin da na ce maka fuskata ma sai na matso yake gani?

Na juya wasiƙar nan na sake juyawa, kuma na gane inda ka dosa. Ka zuba mana kifi da zaki da taurari har shafi ya cika, da aka zo kan masauki sai ka tuna ɗaki biyu ne. To mu ma gidanmu ɗaki nawa ne lokacin da aka kawo ka da 'yar jakarka? A tabarma ɗaya muka kwana, kana yi mini fitsari ina wankewa. In maiɗakinka ce ba ta son baƙi, ai sai ka faɗa kai tsaye. In kuma kai ne kake kunyar abokan aikinka su ga ana jan tsoho da sanda, to wannan ya fi yi mini ciwo, kuma na faɗa maka ya yi mini.

Ka kwantar da hankalinka, ba za mu takura wa kowa ba. Maigidan yana da aboki a can, mai shagon taya, ya ce ƙofarsa a buɗe take. Za mu zo, za mu ga kifayenku. Ƙura kuwa, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban tukunyar gawayin jirgi ba ƙurar fenti za ta kore shi ba.

Yayarka.

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, muna lafiya. Wallahi kin yi mini mummunar fahimta. Maiɗakina ba ta ma san da zancen ba, kuma ni ban taɓa jin kunyar Baffa ba. Ku zo gidana, ni sai in kwana a falo. Roƙona ɗaya, kada ku taso sai kin faɗa mini ranar, kuma kada ku nufi wurin aikina sai na zo na ɗauke ku da kaina. Akwai maganar da nake so mu yi, ni da ke, ba a takarda ba.

Dogo.

*

Dogo,

Assalamu alaikum. Mun je, mun dawo, jiki lafiya. 'Yar guntuwar wasiƙarka a ƙarƙashin ƙofa na tsince ta bayan mun dawo, tare da takardar wuta. Da ta riske ni ma ban san ko zan saurare ka ba.

Ka yi gaskiya a kan kifayen. Aku ta manna hanci a gilashi ta ƙi tafiya, yayanta kuma gashinsa ya miƙe a gidan kimiyya har Baba ya shafa ya yi ta dariya. A ɗakin taurari ya ce mini shi dai duhu ya gani, amma kujerar ta yi masa daɗi. Duk inda muka je tambayarsa ɗaya ce, yaushe za a je wurin jirgi. Na bar gidan naku a ƙarshe ne don fushin da nake yi da kai.

Ranar da muka je ya sa farar rigarsa, ya ce in fesa masa turare. Ban ga ƙura ba, Dogo. Ban ga ma'aikaci ko ɗaya ba. Daɓen ma sai sheƙi yake yi. Muna shiga babban zauren nan mai baƙin kan jirgi, Baba ya saki hannuna ya bi warin man inji, ya ɗora tafinsa a jikin ƙarfen. Sai ga ayarin 'yan makaranta da iyaye sun shigo, kai kana gaba da rigar aiki. Muna bayan kan jirgin, ba ka gan mu ba. Na so in kira ka, Baba ya ce, "Bar shi, yana bakin aiki. Mu ji yadda yake yi."

Ka tsaya gaban gilashin ka fara ba su labarin gadar. Yadda aka kwana ana ruwa, yadda da safe direban ya hango awaki sun cunkushe a kan layin dogo sun ƙi sauka duk da usur, ya gane ruwa ya cinye ƙasan da suka saba tsayawa. Yadda ya tsayar da jirgi cike da mutane, fasinja na zaginsa, ya ɗauki fitila ya taka a ƙasa cikin hazo, ya tarar gadar ta tafi, dogo na lilo a iska. Ka iya faɗa, ban hana maka ba. Har ɗan shirun da Baba yake yi kafin ya kai wurin gadar, ka yi shi. Yara duk sun saki baki.

Baba ya damƙe hannuna yana murmushi, ya ce mini a kunne, "Ji ɗan nema, ko kalma bai zubar ba." Da ka ce wannan direban mahaifinka ne, na dube shi, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ai ɗana ne, me ya yi saura." Har idonsa ya kawo ruwa don daɗi.

Sai wata mata mai goyo ta tambaye ka, "Yana nan da rai?"

Ka sunkuyar da kai, ka ce, "Ya rasu tun ina ƙarami. Ga hotonsa nan. Allah ya jiƙansa."

Zauren gaba ɗaya ya amsa da amin. Wani dattijo da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa da Baba, da ƙarfi ya faɗa, har da shafawa. Hannun Baba da ke cikin nawa ya saki. Na ji kamar in kurma ihu in ce ga shi nan tsaye da farar riga. Yadda amsar ta fito maka sumul, na san ba ranar ka fara ba.

Da ka ja mutanenka zuwa zaure na gaba, ya ce in kai shi gaban gilashin. Ya kai fuskarsa har numfashinsa na taruwa a jiki. Ya daɗe. Ya ce, "Fitilar dai tawa ce, ga inda ta lotse." Sannan ya ce, "Aku, zo ki karanta wa kakanki abin da aka rubuta." Na yi mata ido, amma yarinya ce, ga ɗokin karatu. Ta karanta tiryan-tiryan da muryar nan tata. Sunan mahaifinka ne, Dogo. Hotonsa ne. Allah ya jiƙansa da gaske, mutumin kirki ne, amma ni da kai mun san awon kaya yake yi a tasha, bai taɓa riƙe birkin jirgi ba.

Aku ta ce, "Kaka, sun yi kuskure, in je in gaya wa Kawu?" Ya ce, "A'a, kin karanta daidai. Mu je, ƙafata ta gaji."

A lambun da ka ce akwai benci muka zauna. Ya saya wa yara abin sha, ya ce su je su yi lilo. Mai aski ya zo jiya yana tambayar labarin tafiya, Baba ya ce masa an ga kifi.

Na zarge ka da rowar masauki, na zarge ka da jin kunyarmu. Ashe duk na yi maka kyakkyawan zato. Ka ci amanarmu, kuma ban san da wane suna zan kira abin da ka yi wa mutumin da ya goya ka ba. Ina da niyyar rubuta wa shugabar gidan naku. Kafin nan ina son in ji daga bakinka.

Ni ce.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Don Allah wannan kada ki karanta wa Baffa. Tun da wasiƙarki ta zo abinci bai shiga cikina da daɗi ba. Maiɗakina tana ta tambaya ko ciwo nake yi.

Ba shirya abin na yi ba. Lokacin da na kawo kayan, ni mai goge gilashi ne kawai, aikin wucin gadi. Shugabar ta ce na wane ne, na ce na babana, kuma wallahi Baffa nake nufi. Sai ta ce in ba ta labarin. Ina gamawa ta ce daman suna neman mai zagayawa da baƙi, kuma ba wanda ya fi dacewa kamar ɗan direban da kansa. Washegari mai rubuta katin ya duba takarduna ya ɗauki sunan mahaifin da ke ciki, ya ce in kawo hoto. A nan ya kamata in yi magana, ban yi ba. Na ce sai na zauna da gindina a aikin zan gyara. Daga baya aka buga a ɗan littafin da ake raba wa baƙi, makarantu suka fara neman a ba su ni. Kullum gyaran sai ƙara nauyi yake yi.

Akwai kuma abin da ba za ki gane ba, ke da kika tashi da uba. Ni ban san muryar nawa ba. Hoton nan kaɗai ya bar mini. Ranar da na fara ganin mutane sun tsaya gabansa suna yi masa addu'a, na shiga bayan gida na yi kuka. Baffa yana da ke, yana da jikoki, yana da unguwa guda da ta san abin da ya yi. Nawa uban ba wanda ke tuna shi. Na ga kamar aro na yi, ba abin da zai ragu a wurin Baffa tunda ba gani zai yi ba. Da kin jira ni kamar yadda na roƙa, da na san yadda zan shigo da shi ranar da ba kowa, in karanta masa katin da bakina, ya koma gida da farin cikinsa.

Idan kika rubuta wa shugabar, ranar za a kore ni, kuma a garin nan ba mai sake ɗaukata. Ki dubi yarana. Ki ba ni lokaci, ana maganar za a sake tsarin zauren, in an tashi sai in lallaɓa a canza katin a hankali. Ki tausasa mini zuciyar Baffa kafin in zo.

Ƙanenki,
Dogo.

*

Dogo,

Wa alaikumus salam. Muna nan. Idon Baba na hagu ya rufe gaba ɗaya, na dama kuma haske da duhu kawai yake bambancewa. Ko da an canza katin gobe, ba shi zai gani ba.

Ka ce kada in karanta masa. Ya ji lokacin da mai kawo wasiƙa ya yi sallama, ya ce in zo in zauna, kuma wannan karon ban da tsallake, domin ya san na yi masa tsallake a waccan. Na karanta masa duka. Da na zo inda ka ce da ka shigo da shi ranar da ba kowa ka karanta masa katin da bakinka, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ni a wurina nan ne ka ƙarasa kashe ni. Wato abin da ya dame ka shi ne ba ka samu damar yi wa makaho ƙarya a nutse ba.

Na riga na rubuta wa shugabarku, takardar tana cikin aljihun keken ɗinki. Baba ya ce in ɗauko in yaga a gabansa yadda zai ji ƙarar, na yaga. Ba da son raina ba, ka sani. Sannan ya ce in ɗauki biro in rubuta maka wannan yadda ya faɗa, kada in ƙara, kada in rage:

"Dogo, ka riƙe aikinka, ka ciyar da 'ya'yanka. Ka bar katin yadda yake. Mahaifinka ɗan'uwana ne, da ka zo ka ce Baffa ba ni labarin nan in rufa wa ubana asiri da shi, da na ba ka har da fitilar, in ƙara maka da wani. Ba ka tambaya ba. Ka bar ni ina tara mutane ina cika baki. Kada ka wahalar da kanka da zuwa, hanyar da nisa kamar yadda ka ce. Na kuma gaya wa yayarka, ranar da tawa ta zo kada a aika maka. Na ji da kunnena ka riga ka sanar, jama'a sun amsa, kuma ka yi shi da kyau. Ba sai ka yi sau biyu ba."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na tambaye shi ko in sa gaisuwa a ƙarshe, ya ce a gaishe da yara.

'Yar direban.